Asali Ba Ya Cikin Kwalba

Jama'a, akwai waɗansu kamfanoni a Amurka masu cinikin asali. Ka tofa yawu cikin 'yar kwalba, ka aika da kuɗi, su auna ƙwayoyin gado, watau DNA, sa'an nan su aiko da takarda, wai kashi kaza na jininka daga ƙasa kaza ya fito.

Awon yana iya tabbatar da uba da ɗa, ba mu musa ba. Amma zama Bahaushe harshe ne da al'ada. Je ka kasuwar Talatar Mafara ka duba: Bazamfare, da Baburmen Bakura, da Bafillacen Maradun, auratayya ta daɗe da gauraya su. Wace kwalba za ta rarrabe su? Sunan kakan kakanka kuwa, marokin gidanku ya riƙe shi, yawu bai san shi ba.

Ga kuma hasara. A 2023 ɓarayi suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe. A 2025 ya karye, aka sayar da shi har da asirin jinin jama'a. Wanda ya tofa bai shawarci danginsa ba, alhali jinin nasu ne duka.