Wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya, kada ya ajiye maganinsa



Yau gyara zan yi, kuma ya shafi mu masu harkar maganin Musulunci. Mutum ya samu bugun zuciya, an buɗe masa jijiyar da ta toshe, an sa masa ɗan ƙarfen raga da likitoci ke kira sitent. Ya dawo Gwandu ko Kalgo, ya ji sauƙi, sai a ce masa: "Alhaji, bar ƙwayoyin nan, ga habbatus sauda da tafarnuwa." Wallahi wannan shawara na iya kisa.

Ga dalili. Ƙarfen baƙo ne a jiki, jini na son daskarewa a kansa har sai tsoka ta rufe shi. Shi ya sa ake haɗa maganin tsinka jini guda biyu: asfirin, da clopidogrel ko ticagrelor. Bayan bugun zuciya, galibi wata 12 ake shan su tare, sannan a ci gaba da ɗaya. Likita na iya rage wa'adin ga mai saurin zubar jini, amma shi kaɗai ke da wannan hukuncin. In an daina da wuri, musamman a watannin farko, gudan jini na iya toshe ƙarfen nan take.

Don haka a kiyaye:

1. Kada a bari magani ya ƙare. A saya tun da sauran na mako ɗaya. In aljihu ya yi nauyi, a gaya wa likita, clopidogrel ya fi ticagrelor sauƙin kuɗi.

2. Kaho da cire haƙori, sai da sanin likita. Jinin ba ya saurin tsayawa.

3. Banda ibuprofen da diclofenac. Ciwon jiki, farasitamol.

4. Azumi: a tambayi likita tun a Sha'aban. In ya amince, mai sha sau biyu ya sha da sahur da buɗa baki.

5. Baƙin bayan gida, aman jini, haɓo da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ƙirji ya dawo: a garzaya asibiti, Kalgo ko Birnin Kebbi, ko da tsakar dare ne.

Zuma da habbatus sauda alheri ne, ban hana ba. Amma ba su maye gurbin waɗannan ƙwayoyi. Hajiya, ke ce kusa da shi, ki riƙa tuna masa.

A tura wa 'yan uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.