Taimakon da Ba Ya Tona Asiri

Wannan makon labarin kuskurenmu za mu ba ku.

Mu 'yan zumuntar matasa ne a wata majami'a a Wudil, yawancinmu ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Bara muka ji cewa wata ƙanwarmu 'yar aji shida na sakandare ta rasa kuɗin rajistar NECO. Mahaifinta, mai lodin shanu a kasuwar Juma'a, yana kwance ba lafiya. Tausayi ya kama mu. Ran Lahadi muka tashi a gaban jama'a, muka ambaci sunanta, muka nemi gudummawa. Kafin a tashi sujada kuɗi sun cika.

Mun koma gida da murna. Amma yarinyar ba ta sake taka majami'a ba har makonni huɗu. Labari ya riga ta isa makaranta, har ana kiranta "'yar baiko".

Wata dattijuwa ta Zumuntar Mata ce ta kira mu. Ta ce, "'Ya'yana, kun tambaye ta kafin ku faɗi sunanta?" Muka yi shiru. Ta ce, "Kun biya mata jarrabawa, amma da mutuncinta kuka biya." Ita ta raka mu gidan, muka durƙusa muka nemi gafara.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura ta 6 ya nuna yadda aka yi gunaguni a ikkilisiyar farko ta Urushalima saboda ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 masu hikima da shaidar kirki, cikinsu har da Istifanus, aka damƙa musu aikin. Wato tausayi ma yana buƙatar tsari. A Matiyu sura ta 6 kuwa, Yesu ya koyar da a ba da sadaka a ɓoye. Abokanmu Musulmi ma sun shaida mana irin falalar da sadakar ɓoye take da ita a wurinsu.

Ga abin da muka koya. Da farko, a tambayi mutum abin da yake buƙata, da wanda ya yarda ya sani. Na biyu, a kai maganar wurin fasto ko dattawa, su tara kuɗin ba tare da suna ba. Na uku, kada a yi alkawarin da aljihu ba zai ɗauka ba. Na huɗu, rashin lafiya mai tsanani ko cin zarafi sun fi ƙarfin ɗalibi. Irin wannan ba a rufe shi, a sanar da babban da aka amince da shi nan take.

Ku 'yan FCS, ƙungiyar da aka kafa a Gindiri a 1957, ku kula da lokacin roƙon addu'a. "Mu yi wa wance addu'a, gidansu babu abinci" yakan zama tsegumi mai rigar ibada.

Ƙanwar tamu ta rubuta jarrabawarta, ta kuma dawo cikin mawaƙa. Yanzu idan za a tara wa wani kuɗi a zumuntarmu, mutum biyu kaɗai ke sanin sunansa.

Sai mako mai zuwa.