Kyautar da Sai an Saya

Babu kalmar da ake zaluntar malamin ƙauye da ita a yau kamar kalmar "kyauta". A duk taron da aka kira don duba halin da ilimi ke ciki, sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce intanet ta cika da littattafai da darussa da manhajoji na kyauta, saboda haka malamin da bai amfani da su a aji lalaci ne ya hana shi. Za a yi tafi, a raba ruwan roba, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ina cewa wannan zance ƙazafi ne, kuma mutanen da ke yin sa ba su taɓa lissafa abin da kyautar ke ci ba kafin ta iso aji guda a Gehuru.

Ba musun samuwar kayan nake yi ba. Akwai su, kuma wasunsu abin yabo ne. Khan Academy na koyar da lissafi daga ƙidaya har zuwa matakin jami'a. PhET, wadda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, tana barin yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, ya ga abin da zai faru idan ya ƙara ƙarfin wuta, ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan da aka tsara bisa tsarin karatun ƙasar nan. Na yi digirina da taimakon irin waɗannan kaya, na san daɗinsu. Amma wanda aka ba kyautar doki ya san a ranar ce ya fara sayen harawa.

Mu yi lissafin harawar. Kafin malami ya nuna wa ɗalibansa darasi ɗaya na bidiyo, sai ya mallaki babbar waya, wadda kuɗinta ya kai ko ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Sai ya kai ta wurin mai caji ya biya, domin wutar lantarki baƙuwa ce a ƙauyukanmu. Sai ya sayi data, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ko a shafin da aka ɗauke wa kuɗin data, sai sabis ya samu, kuma duk wanda ya zauna ƙauye ya san akwai tudun da ake hawa da kusurwar da ake tsayawa kafin saƙo ya shigo. Idan duk wannan ya kammala, abin da ke hannunsa allo ne da bai fi tafin hannu ba, a gaban yaran da suka cika aji har bakin ƙofa. Wa ya biya wannan duka? Malamin ne, daga aljihunsa, daga kuɗin cefanen gidansa. Shi ne kuma ake kira malalaci.

Da maganar ado ce kawai da na yi shiru. Abin da ya sa ba zan yi ba shi ne ƙofar jami'a yanzu kwamfuta ce ke gadinta. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya. A 2024 WAEC ta fara gwada kwamfuta ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta kacokan. A Aliero, ƙasar albasa da gwanayen ɗori, akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya. Ɗan Gehuru ko ɗan wani ƙauyen Maiyama yana iya wuce ƙofofinsu a kan babur duk ranar kasuwa, amma ba zai shiga ba sai ya zauna gaban na'urar da wataƙila bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Yaron da ya san amsa, amma ya ɓata mintoci yana neman yadda zai matsa zuwa tambaya ta gaba, ba iliminsa aka gwada ba. Talaucin makarantarsu aka gwada, shi aka ba sakamakon.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ce amsar kowane mai neman kwangila: a sayo kwamfutoci a raba. Duniya ta riga ta gwada wannan. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. An sayi na'ura, an bar malami yadda yake. Mu ma nan mun san irin ɗakin kwamfutar da ake buɗewa da yankan ƙyalle, a rufe da kwaɗo, gizo-gizo ya yi saƙa, shugaban makaranta na tsoron kada wani abu ya lalace a cire daga albashinsa.

Abin da nake nema ya fi wannan araha, kuma muna da misalinsa a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira matan ƙauye su taru a Wurno ko Sakkwato ba. Ta zaɓi dattijai mata, jajis, ta ilmantar da su, ta ɗora musu malfa alamar izini, su kuma suka ɗauki karatun cikin harshen da mata ke ji suka kai ƙauye-ƙauye. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Ilimin ya yi tafiya a cikin mutumin da aka horar, aka kuma girmama. Haka ya kamata fasahar zamani ta shigo mana.

Mafi yawan kayan nan ba su buƙatar intanet kullum. Kiwix na ɗauke Wikipedia, har da ta Hausa, ta zuba a katin memori. Kolibri na mai da kwamfuta guda rumbun darussa, wayoyin da ke kusa su ɗebo daga gare ta ba da data ko kaɗan ba. Gwaje-gwajen PhET ana sauke su sau ɗaya a yi ta amfani. Matasanmu ba su buƙatar kowa ya koya musu wannan dabara: da Xender suke tura wa juna finafinai da wa'azi a shagunan caji na Jega, ba wanda ya shirya musu bita. Me zai hana sashen ilimi na ƙaramar hukuma ya sauke darussa sau ɗaya a zango, inda sabis ke da ƙarfi, ya raba wa makarantu? Kwamfuta ɗaya, faifan sola da batir, ƙaramin majigi, da malami guda da aka horar aka kuma biya shi alawus na wannan aiki: wannan ya isa kowane ɗan ajin ƙarshe ya riƙe linzamin kwamfuta sau da yawa kafin ranar jarrabawa. Ɗaliban jami'ar Aliero masu neman inda za su yi aikin sanin makama, ga aiki nan a bayan katangarsu.

Akwai ƙorafi guda da na yarda yana da nauyi. Iyaye da yawa suna ganin waya ƙofar ɓarna ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Kowa ya ga abin da TikTok ke yi wa daren yara. Sai dai wannan tsoron hujja ce a gare ni. Na'urar da ba ta haɗe da intanet, wadda malami ya zaɓi abin da ke cikinta, wadda ke kwana a akwatin makaranta, uba yana iya zuwa ya duba ta da idonsa.

Saura batun harshe, wanda masu wa'azin kyauta ba su cika taɓawa ba. Mafi yawan darussan nan da Ingilishi suke, Ingilishin ma na Amurka, mai gudu kamar ruwan kwazazzabo. Yaron da ke fama da Turancin malaminsa ba zai tsinci komai a ciki ba sai hotuna. Google Translate ta saka Hausa tun 2013, amma duk wanda ya ba ta sakin layi na kimiyya ya san irin kwamacalar da takan dawo da ita a wasu lokuta. Dole wani ya tsaya gefen allo ya dakatar da bidiyo, ya ce wa yara da Hausa, "Kun ga yadda ruwa ke bin lambatu a gonar albasa? To haka wutar nan ke bin waya." Wannan aiki na malamin aji ne, kuma a kasafin kuɗin da za a yi wa fasaha sunansa ya kamata ya zo a layin farko, kafin kuɗin kwali da na yankan ƙyalle.