Kuɗin Cefane Daban, Naka Daban

Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuɗi ya koma cikin waya. A gidaje da dama a Gagarawa da Sule Tankarkar, ɗan sakandare ne gwanin waya. Idan Yaya ya turo kuɗin abinci daga Kano ko Legas, ta hannunku yake biyowa, ko da asusun na Inna ne.

Matsalar tana farawa ne da kaka, lokacin da kai ma ka samu naka a yankan riɗi ko ɓarar zoɓo, ka zuba a wuri guda. Da ka buɗe OPay ko Moniepoint, jimilla ɗaya za ka fara gani. A ce Yaya ya turo naira 20,000, naka kuma 6,000. Waya ta nuna 26,000, zuciya ta ce ka yi arziki. Ka sayi data, ka sayi manja da magi, ka biya mai POS, ka ranta wa aboki. Bayan mako biyu Baba ya tambaya, saura 4,500. Na wa ne? Ba ka ci amana ba, amma ba ka da abin nunawa, kuma a gida zargi ya fi asarar kuɗi ciwo.

Maganin ba ya buƙatar manhaja mai tsada. Google Sheets kyauta ce a waya. Buɗe shafi biyu, ka sa wa ɗaya suna Gida, ɗayan Nawa. Kowanne ya samu layi huɗu daga sama zuwa ƙasa: rana, abin da aka yi, shiga, fita. A wani gurbi a gefe ka rubuta =SUM(C2:C40)-SUM(D2:D40), manhajar za ta riƙa fitar da ragowar da kanta. Wanda ba shi da babbar waya ya raba littafin rubutu gida biyu, lissafin bai canza ba.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Ƙananan kuɗi su ne ɓarayin lissafi: ladan mai POS, harajin naira 50 da ake cira idan turin ya kai 10,000, kuɗin mota idan an aike ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Duk wanda aka kashe saboda aiken gida, shafin Gida zai shiga. Data kuwa ta fi rikici, domin da ita kake duba saƙon banki, da ita kake kallon ƙwallo. Ni a ganina ka ɗauke ta a naka, sai dai in Inna ce da bakinta ta ce a saya.

In dole ta sa ka taɓa kuɗin gida don biyan na makaranta, rubuta sau biyu: fita a Gida, shiga a Nawa, da kalmar rance a gefe. Haka ma idan kai ne ka cike wa cefane gibi da naka, abin da 'yan mata da yawa ke yi shiru ba tare da kowa ya sani ba.

Kowace Juma'a ka haɗa ragowar shafukan biyu. Dole su yi daidai da abin da ke cikin asusu haɗe da tsabar da ke aljihunka. In ba su yi ba, bi tarihin hada-hada a manhajar bankin, rana bayan rana, har ka gano wanda ka tsallake. Sannan ka karanta wa Inna shafin Gida da babbar murya.