Takarda Guda Mai Tayar da Kwantena Uku

Duk ɗalibin da ya taɓa zana ƙwayar halitta a darasin bayoloji ya san cewa cikinta ba fili ɗaya ba ne. Ɗakuna ne, kowanne da tantanin da ya kewaye shi. Mitokondiriya tana samar da ƙarfi, laisosom kuwa yana riƙe da sinadaran narkarwa waɗanda in suka kwararo waje sai su yi wa ƙwayar ɓarna. Wannan rabuwa ita ke ba kowane sashe damar yin aikinsa ba tare da ya gurɓata na maƙwabcinsa ba.

Masu gina manhajojin intanet su ma sun kai ga irin wannan dabara. A ce wata makarantar sakandare a Kausani tana son shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu. Abubuwa uku ake bukata: manhajar da ke karɓar masu shigowa, wadda ke lissafin maki, da rumbun da ke ajiye sunaye da makin. A da, sai a cusa su duka wuri guda, in an sabunta ɗaya wata ta ƙi aiki. Tun daga 2013, shekarar da Docker ta fito, ya zama da sauƙi a sa kowacce cikin akwatinta tare da duk abin da take bukata. Sunan akwatin, wato kwantena, aro ne daga irin waɗanda manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Kano.

Sai dai kwantena uku ba za su san juna ba sai an haɗa su. Aikin Docker Compose ke nan. A cikin takarda guda, da salon rubutun da ake kira YAML, akan bayyana kowace kwantena, da wadda za ta riga wata tashi, da ƙofar da za a bar wa masu shigowa. Umarni ɗaya ya isa ya tayar da su gaba ɗaya.

Tsarin wannan takarda ya sha sauyi, kuma a nan ne mai koyo kan yi tuntuɓe. A tsarin farko, dole mutum ya ƙulla kowace kwantena da 'yar'uwarta da hannu. Tsari na 2, na shekarar 2016, ya kasa takardar gida uku, wato hidimomi da hanyoyin sadarwa da ma'ajiyai, ya kuma sa kwantenoni suna kiran juna da sunayensu. Na 3 ya biyo baya a 2017. A 2020 aka haɗe su cikin ƙa'ida ɗaya, har layin nan na sama da ke faɗar lambar tsari ya zama ba shi da amfani. Tsohuwar manhajar Compose ma an daina sabunta ta a 2023. Amma tsofaffin darussa suna nan jibge a intanet, yaro ya kwafa, kwamfuta ta yi masa gargaɗi, shi kuma ya zaci kansa ne ba ya ja.

Ya dace malaman kwamfuta na manyan azuzuwan sakandare su koyar da rubuta wannan takarda, kuma bisa sabuwar ƙa'ida. Dalilin ya wuce neman aiki. Tsarin da ke cikin kan mutum ɗaya kawai, ranar da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki ya tafi da shi. Wanda aka rubuta kuwa, duk wanda ya gaji kujerar zai karanta, ya tayar da shafin a sabuwar kwamfuta. Haka malamin kimiyya ke dagewa ɗalibi ya rubuta hanyar da ya bi wajen gwaji, domin wani ya maimaita ya ga ko sakamakon zai zo daidai.

Wani zai ce ina wutar lantarki, ina intanet, yaran da tun 2015 suke fama da jarrabawar JAMB a kwamfuta? Maganar tana da nauyi. To amma kayan kwantena sau ɗaya ake sauke su, daga nan darasi ya ci gaba ba intanet, kuma kwamfuta ɗaya mai Linux ta isa aji su yi karɓa-karɓa. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, wadda ɗalibanta masu karatun kwamfuta za su iya ba makarantun kewaye awa biyu a mako.

Abin da malami zai fi jaddadawa shi ne ma'ajiya. Duk bayanin da aka rubuta a cikin kwantena yana ɓacewa ranar da aka goge ta, sai fa in an tanadar masa ma'ajiya a waje, an kuma ambace ta a takardar. Layi biyu ko uku ne kacal, amma in aka manta da su, makin zango guda na makaranta kan iya salwanta da umarni ɗaya. Kalmar sirri ta rumbun kuwa ba a rubuta ta cikin takardar da za a raba wa aji, wani wuri daban ake ajiye ta.