Mai Ba'a Ba Gyara Yake Nema Ba

Jama'a, kwanan nan ana ta yawo da tsofaffin zane-zanen Turawa masu yi wa tufafin mata ba'a, ana tuntsira dariya ana cewa, "Mata kenan, tun fil'azal haka suke." Ni dai abin bai ba ni dariya ba.

Wajen shekarar 1856 aka shiga yayin wani siket a Ingila da Faransa mai suna kirinolin. Keji ne na wayar ƙarfe, mace ta ɗaura a ƙugu ta ɗora riga a kai, ya baje kamar akurki. Mujallar Punch ta Landan, wadda aka kafa a 1841, ta samu abin yi: yau ta zana mace ta maƙale a ƙofa, gobe ta zana ta hana kowa wurin zama a keken doki. Gaskiya tufar ba ta da kan gado. Takan lashi wutar murhu mai ita ba ta sani ba, kuma mata da dama sun ƙone ta haka.

Amma wa ya ƙera kejin? Masana'antun ƙarfe na Sheffield ne ke fitar da wayar, 'yan kasuwa na kwasar riba. Maza sun ƙera, sun sayar, sannan sun koma gefe suna dariya.

Ga inda asiri ya tonu. A 1851, wata Ba'amurkiya, Amelia Bloomer, ta yi ta tallata gajeren siket a kan wando mai faɗi, wanda mace za ta yi aiki da shi cikin sauƙi. Me Punch ta yi? Ta zana matan a matsayin masu son zama maza. Ba'a ta yi yawa har akasarinsu suka ajiye shi. Ta sa mai wahala an yi mata dariya, ta sa mai sauƙi an yi mata dariya. To ina za ta sa kanta?

Mu ma mu duba kanmu. Mutum zai yi ta sukar anko da gwaggwaro a Facebook, amma ranar biki in matarsa ta fita ba kwalliya, shi ne farkon cewa ta kunyata shi.

In tsadar anko ce ta dame mu, mu zauna da iyayenmu mata mu sa mata iyaka. In kuwa dariya kawai muke so, mu daina kiran ta nasiha. Allah Ya sa mu gane.