Gidajen gem na Haɗejia a hannun EA suke, ba Sony ba

Duk gidan gem ɗin da na sani a Haɗejia, har zuwa Malam Madori da Auyo, PlayStation ce a ciki. Amma tambayi yaron da ya dawo daga fadama da ɗan canjinsa me ya kawo shi, ba zai ce maka Sony ba. Ball ya zo bugawa, Madrid da Barca. Kuma wasan ball ɗin nan ba Sony ke yin sa ba, EA ce ta Amurka da Konami ta Japan.

A kasuwar gem, mai ƙera na'ura bai isa shi kaɗai ba, sai kamfanonin waje sun yarda sun kawo wasanninsu kanta. Sega ta ɗanɗana. EA ta ƙi kai ko wasa ɗaya kan Dreamcast, a 2001 aka daina ƙera ta, Sega ta bar harkar na'ura gaba ɗaya. Wii U ta Nintendo ma FIFA ɗaya tak ta samu, ba ta kai miliyan 14 ba a ciniki. Shi ya sa da Microsoft ta tashi sayen Activision a 2023 a kan kusan dala biliyan 69, hankalin Sony bai kwanta ba sai da aka sa hannu cewa Call of Duty zai zauna a PlayStation shekara 10.

To mu ina ruwanmu? Akwai fa. FIFA 14 ne na ƙarshe a PS2, FIFA 19 na ƙarshe a PS3. Wato mai gidan gem na zaune, na'urarsa lafiya lau, wani ofis a Amurka ya mayar da ita tsohuwa. Yanzu PS4 ce a layi. FC 26 ya fito a kanta, amma duk shekarar da EA ta ce ya isa, wanda ke fama da kuɗin fetur tun cire tallafi a 2023, ga wutar KEDCO sai a hankali, shi za a ce ya nemo kuɗin PS5. Konami kuwa tun 2021 ta mayar da PES eFootball, kyauta, amma ƙarfinsa a intanet yake, yara na buga shi a waya. Wannan kwastoma ne ya ragu.

Mu masoya Kannywood mun ga irinta. Da 'yan kasuwar kaset suka janye kuɗinsu, furodusoshi YouTube suka koma, su Izzar So suka samu gindin zama, masu shagon haya suka tashi a tutar babu.

Abin da ke riƙe da ƙananan gidajen gem yanzu shi ne masu gyaran wasa, waɗanda ke cusa sababbin 'yan wasa a tsohon PES, ka ga Mbappe a Madrid, Osimhen a Galatasaray, a kan PS2. Ni a ganina wanda zai buɗe shago bana kada ya ci bashi don PS5. Ya haɗa PS4 biyu da sola, ya bar PS5 ɗin sai EA ta tilasta.